Babi na Huɗu: Biyayya da Amana a Fim ɗin Captain America: The Winter Soldier

4.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin yadda kamfanin Marvel ya ɗauko jarumansa daga mujallun labari cikin zane, ya mayar da su finafinai masu alaƙa da juna, tun daga Iron Man a shekarar 2008. Wannan babi kuwa zai ware fim guda daga cikin jerin, wato Captain America: The Winter Soldier (2014), ya ɗora shi a kan ma'aunin da aka saba auna ƙagaggen labari da wasan kwaikwayo da shi, wato jigo da zubi da tsari da taurari da salo. An zaɓe shi ne saboda kashi na biyu ne, kuma galibi a kashi na biyu ake gane ko masu shirya fim suna da sauran abin faɗa, ko kuwa ciniki kawai suka dawo nema. Abin da babin ke son tabbatarwa shi ne, darajar wannan fim ta samo asali ne daga yadda ya ɗauke abokin gaba daga waje ya shigo da shi cikin gida, har ya tilasta wa jarumin ya zaɓi ɗaya tsakanin biyayya ga hukuma da riƙon amanar jama'a. Za a kuma nuna wuraren da fim ɗin ya kasa cika alkawarin da ya ɗauka.

4.1 Asalin Fim ɗin

Joe Simon da Jack Kirby ne suka ƙirƙiro Captain America. Mujallarsa ta farko tana ɗauke da kwanan watan Maris 1941, a bangonta kuma an zana shi yana naushin Hitler, tun Amurka ba ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu ba. Ke nan tun farko an yi shi ne domin ya zama kakakin ƙasarsa. A kan wannan turba fim na farko, Captain America: The First Avenger (2011), ya tafi. A cikinsa aka nuna Steve Rogers, wani ramammen saurayi mai yawan ciwo wanda aka sha ƙin ɗauka aikin soja, aka yi masa allurar wani sinadari ya zama ƙaƙƙarfa, ya yaƙi ƙungiyar Hydra, wato sashen binciken makamai na 'yan Nazi. A wannan yaƙi amininsa Bucky Barnes ya faɗo daga jirgin ƙasa aka ɗauka ya mutu, shi kuma Rogers ya nutse cikin ƙanƙara a 1945, sai bayan kusan shekara 70 aka tono shi da rai.

Kashi na biyu ya fito a Amurka ranar 4 ga Afrilu 2014, shi ne kuma na 9 a jerin finafinan Marvel. Christopher Markus da Stephen McFeely suka rubuta shi, suna masu dogaro da labarin da Ed Brubaker da Steve Epting suka fara fitarwa a mujalla a 2005. Wa da ƙane, Anthony da Joe Russo, suka ba da umarni, alhali kafin nan an fi saninsu da wasannin barkwanci na talabijin. Tsawonsa minti 136 ne. Ya samar da kimanin dala miliyan 714 a duniya, na farkon kuwa kimanin dala miliyan 370 ya samar.

4.2 Labarin a Taƙaice

Rogers yana zaune a Washinton, yana aiki da hukumar tsaro ta S.H.I.E.L.D. ƙarƙashin Nick Fury. Bayan wani aikin ceto a jirgin ruwa, Fury ya nuna masa wani shiri mai suna Insight: manyan jiragen yaƙi 3 da za su dawwama a sararin sama, suna haɗe da taurarin ɗan Adam, suna kashe duk wanda aka hango zai zama barazana tun kafin ya motsa. Ba a jima ba aka kai wa Fury hari, wani maharbi mai hannun ƙarfe da ake kira Winter Soldier ya harbe shi a gidan Rogers, bayan ya damƙa masa wata 'yar ma'ajiyar bayanai, ya gargaɗe shi kada ya yarda da kowa. Da Rogers ya ƙi bayyana wa babban sakatare Alexander Pierce abin da ya sani, sai aka ayyana shi a matsayin wanda ake nema ruwa a jallo. Shi da Natasha Romanoff suka bi sawun bayanan har zuwa tsohon barikin da aka horar da shi, inda suka gano cewa Hydra ba ta mutu ba, tana nan tana girma a cikin S.H.I.E.L.D. tun kafuwarta, Pierce kuma shi ne jagoranta. Daga baya Rogers ya gane cewa maharbin nan Bucky ne, an shafe masa tunani an mayar da shi makami. Da taimakon Sam Wilson da Maria Hill da Fury, wanda ashe bai mutu ba, suka sa jiragen suka harbe juna, suka watsa asirin hukumar a intanet, hukumar ta rushe.

4.3 Jigo

Babban jigon wannan fim shi ne cin amana. Ƙananan jigogin da suka tallafa masa sun haɗa da tsaro da 'yanci, da abota, da kaɗaicin tsohon soja.

An shimfiɗa jigon ne tun a muhawarar Rogers da Fury a gaban jiragen nan uku. Matsayin Fury shi ne na mai cewa rigakafi ya fi magani: duniya ta lalace, don haka gara a kawar da mugu kafin ya yi ɓarna. Rogers kuwa ya tunatar da shi cewa a saninsa hukunci bayan laifi yake zuwa, kuma ɗora wa kowa bindiga a ka da sunan kariya tsoro ne ake shukawa. Abin lura a nan shi ne, a wannan lokaci babu wanda ya san da Hydra a cikinsu. Ke nan Rogers ya ƙi shirin ne tun yana hannun mutanen da yake ɗauka nagari. Wannan ne ya sa muhawarar ta yi nauyi, domin abin da ake jayayya a kai shi ne shirin kansa, ko a hannun wa yake.

An warware jigon a ɗakin ƙarƙashin ƙasa na barikin Lehigh, inda Arnim Zola, masanin kimiyyar Hydra wanda aka adana tunaninsa a cikin tsofaffin na'urori bayan mutuwarsa a 1972, ya yi musu bayani. A cewarsa yaƙi ya koya wa Hydra cewa idan aka ƙwace wa mutane 'yancinsu da ƙarfi za su yi turjiya, saboda haka dabara ita ce a yi ta hura wutar rikici a duniya har su miƙa shi da hannunsu domin neman kwanciyar hankali. Hausawa sun ce da ɗan gari kan ci gari, kuma haka aka ci S.H.I.E.L.D., domin ita da kanta ta ɗauki Zola aiki bayan yaƙi. A nan fim ɗin ya jingina da tarihi na gaskiya, wato shirin Paperclip, wanda a ƙarƙashinsa Amurka ta kwaso masana kimiyya da injiniyoyi na Jamus fiye da 1,600 daga 1945, cikinsu har da Wernher von Braun.

Haka kuma jigon ya dace da zamanin da fim ɗin ya fito. Jami'in nan Jasper Sitwell ya bayyana cewa lissafin kwamfutar da Zola ya tsara yana karanta bayanan banki da na asibiti da saƙonni da kiran waya da yadda mutum ke jefa ƙuri'a, daga nan ya yanke wanda zai zama matsala a gaba. An fara ɗaukar fim ɗin a watan Afrilu 2013, a watan Yunin shekarar kuma Edward Snowden ya fallasa yadda hukumar leƙen asirin Amurka ta NSA ke tattara bayanan wayoyi da na intanet na miliyoyin mutane. Kafin nan, a 2012, jaridun Amurka sun riga sun ba da rahoton jerin sunayen waɗanda gwamnati ta amince a kashe da jirage marasa matuƙa. Saboda haka mai kallo na 2014 bai buƙaci a fassara masa abin da jiragen Insight ke nufi ba.

4.4 Zubi da Tsari

Ana iya kasa fim ɗin gida uku: shakku, da gudu, da fito-na-fito. A kashin farko an bar mai kallo cikin duhu tare da Rogers, abin da jarumin bai sani ba shi ma bai sani ba, in ban da 'yan wurare kaɗan. A na biyu kowace amsa tana haifar da sabuwar tambaya: wa ya harbi Fury, me ke cikin ma'ajiyar, wane ne mai hannun ƙarfe. An jera tonon asirin daki-daki, aka fara da na hukuma, sannan aka zo da na zuciya, wato lokacin da takunkumin fuskar maharbin ya faɗi a kan titi, Rogers ya kira sunan Bucky, shi kuwa ya tambaya ko wane ne mai wannan suna. Da an gabatar da wannan kafin bayanin Zola, da ya rage ƙarfi, domin sai mai kallo ya fahimci irin ƙungiyar da ta riƙe Bucky kafin ya ji zafin abin da aka yi masa.

Ta fuskar alaƙarsa da sauran jerin, fim ɗin ya yi abin da kashi na biyu ya kamata ya yi. Ya ci gajiyar na farko ba tare da ya zama bawansa ba. Wanda bai ga na farko ba an tanadar masa ziyarar da Rogers ya kai gidan tarihi na Smithsonian, inda aka baje tarihinsa da na Bucky, ta haka aka sanar da shi abin da ya wuce a cikin labarin kansa. Wanda ya gani kuwa zai tarar an juya masa abubuwan da ya sani: barikin da Rogers ya zama soja ya koma maɓoyar abokan gaba, nasarar da ya sayar da rayuwarsa dominta ta zama ba nasara ba ce. Bugu da ƙari, fim ɗin bai mayar da kaya yadda ya same su ba. Hukumar da ta haɗa jaruman The Avengers (2012) ta rushe, kuma ɗan hoton da Zola ya nuna na mutuwar Howard Stark shi ne ya zama tushen rikicin Captain America: Civil War (2016).

4.5 Taurari

Babban tauraro shi ne Steve Rogers, wanda Chris Evans ya fito a matsayinsa. Matsalar irin wannan tauraro ita ce mutumin kirki ne tun farko, ba shi da wani mugun hali da zai bari, don haka da wuya a gina labari a kan sauyawarsa. Marubutan sun magance wannan ta hanyar barinsa yadda yake, suka sauya duniyar da ke kewaye da shi. Sojan da ya saba karɓar umarni ya wayi gari masu ba da umarnin ne abin tuhuma. Mai karatun adabin Hausa zai tuna da Iliya na littafin Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, wanda shi ma daga rashin lafiya ya sami ƙarfi, ya yi wa Sarki Waldima hidima, sarkin kuma ya ɗaure shi. Bambancin shi ne Iliya ya koma ya kare birnin sarkin da ya zalunce shi, Rogers kuwa ya dage sai an rushe hukumar gaba ɗaya. Da Fury ya nemi a tsame Hydra a bar S.H.I.E.L.D., Rogers ya ƙi, a bisa hujjar cewa a ƙarƙashin hancinsu ɓarnar ta girma ba su lura ba.

Natasha Romanoff, wadda Scarlett Johansson ta fito a matsayinta, kishiyar Rogers ce a hali, domin ƙarya da ɓad-da-kama ne sana'arta. Ita ce ta fi kowa sauyawa. Ta bar hukumar leƙen asirin Rasha tana zaton ta shiryu, sai ta gano cewa ubangida kawai ta sauya. A ƙarshe ita ce ta watsa bayanan, tana sane da cewa nata munanan ayyukan na ciki. Abin yabo ne kuma da ba a ƙulla soyayya tsakaninta da Rogers ba, aka bar su a kan abota da yarda.

Sam Wilson, wanda Anthony Mackie ya fito a matsayinsa, tsohon soja ne mai ba 'yan uwansa da suka dawo daga yaƙi shawara. Hirarsu ta farko da Rogers a kan katifa ce, yadda wanda ya saba kwana a ƙasa a fagen daga yake kasa barci a kan mai laushi. Da wannan 'yar magana aka kafa dalilin da zai sa Rogers ya ƙwanƙwasa ƙofarsa ranar da kowa ke nemansa.

Alexander Pierce kuwa Robert Redford ne, kuma zaɓensa ma wata dabara ce. A Three Days of the Condor (1975) Redford ya fito a matsayin ma'aikacin CIA da hukumarsa ke farauta, a All the President's Men (1976) kuma ɗan jarida ne mai tono asirin gwamnati. A nan sai aka ba shi kujerar mai farautar. Pierce ba ya ihu, ba ya zare ido. Dattijo ne mai kwat da fara'a, wanda ke ganin halal ne a kashe mutum miliyan 20 domin a zaunar da biliyan 7 lafiya. An nuna ainihinsa a fitowar da ya harbe mai aikin gidansa don kawai ta dawo ɗaukar wayarta ta ga abin da bai kamata ta gani ba.

Bucky, wanda Sebastian Stan ya fito a matsayinsa, kalmominsa a fim ɗin ba su da yawa, amma fitowar da aka zaunar da shi a kujera yana nanata cewa ya san mutumin da ya gani a kan gada, Pierce ya mare shi ya sa a sake shafe masa tunani, ta isa ta mayar da shi daga dodo zuwa abin tausayi.

4.6 Salo

Salon da ya fi fitowa fili shi ne na finafinan maƙarƙashiyar siyasa na shekarun 1970, inda ofis da mota da titi suke zama wuraren tsoro. Faɗace-faɗacen kashi biyun farko na jiki da jiki ne, da naushi da wuƙa da garkuwa, kuma kowanne yana ɗauke da ma'ana. Misali mafi kyau shi ne faɗan cikin lif, wato ɗakin nan mai hawa da sauka da mutane a dogon bene. Ana tsayawa hawa-hawa, abokan aikin Rogers suna shigowa, shi kuma yana lura da gumin wani da hannun wani a kan makami, har ya tambaya ko akwai mai son fita kafin a fara. A wannan ƙuntataccen wuri aka taƙaita jigon fim ɗin baki ɗaya: mutum a tsakiyar nasa, kuma nasan ne za su kama shi.

An kuma yi amfani da alamci. A farko Rogers yana sanye da tufafi masu duhu na hukumar, a ƙarshe kuwa ya ɗauko tsofaffin kayansa na yaƙin duniya daga gidan tarihi. Garkuwarsa ma makamin kariya ce, kishiyar jiragen da ke harbi tun daga nesa, kuma a ƙarshe ya yar da ita ya ƙi dukan Bucky. Akwai kuma salon maimaitawa. Alkawarin da Bucky ya yi masa bayan jana'izar mahaifiyarsa, cewa yana tare da shi har ƙarshe, shi ne Rogers ya mayar masa yana kwance jina-jina, kuma shi ya sa Bucky ya tsamo shi daga kogin Potomac.

Wata fitowa da ta cancanci ambato ita ce ta wani ƙaramin ma'aikaci mai kula da na'ura, wanda Brock Rumlow ya ɗora wa bindiga a ƙeya ya ce ya tayar da jiragen, jikinsa na rawa ya ce ba zai yi ba. Ba shi da sinadari a jini, ba shi da garkuwa. Da shi fim ɗin ya nuna cewa ƙin bin umarnin zalunci ba sai mai ƙarfi ba.

4.7 Raunin Fim ɗin

Babban rauninsa yana nan a inda ƙarfinsa yake. Bayan ya tayar da tambaya mai nauyi a kan gwamnatin da ke leƙen asirin jama'arta, sai ya ɗora laifin a kan ragowar 'yan Nazi. Da zarar an ambaci Hydra, muhawarar Rogers da Fury ta mutu, domin babu mai kallon da zai goyi bayan 'yan Nazi. Ta haka aka sauƙaƙa wa mai kallo, aka ba shi damar cewa tsarin lafiya lau yake, miyagu ne suka shige shi. In ɓera da sata, daddawa ma da wari: Fury da majalisar da ke sa ido a kan hukumar sun amince da Insight da hankalinsu, amma ba a ga Fury ya fuskanci wani hukunci ba. Dagewar Rogers a kan rushe hukumar ta rage wannan rauni, sai dai ba ta kawar da shi ba.

Na biyu, dawowar Fury da rai, bisa hujjar wani magani mai rage bugun zuciya, ta zubar da nauyin mutuwarsa, ta kuma koya wa mai kallo cewa a wannan jeri mutuwar babban tauraro ba abin ɗauka da gaske ba ce. Na uku, kashin ƙarshe ya koma irin abin da aka saba, wato manyan jirage suna faɗowa daga sama da aikin kwamfuta, ga kuma dabarar sauya 'yan ƙananan na'urori 3 wadda ta yi sauƙi ƙwarai idan aka kwatanta da girman matsalar. Na huɗu, an watsa asirin hukumar leƙen asiri gaba ɗaya, amma ba a tsaya an nuna halin da ma'aikatanta na ɓoye marasa laifi za su shiga ba. Romanoff ta bayyana a gaban kwamitin majalisa, ta ce ba za a ɗaure su ba domin ana buƙatarsu, ta tashi ta fita. Wannan magana ta yi kama da hujjar da fim ɗin ya ɓata lokaci yana suka, wato mai ƙarfi ya fi ƙarfin tuhuma. Sai a fim na 2016 aka dawo kan wannan tambaya.

4.8 Naɗewa

A wannan babi an yi nazarin Captain America: The Winter Soldier ta fuskar jigo da zubi da tsari da taurari da salo. An ga cewa fim ɗin ya ɗauki jarumin da aka ƙirƙira domin yabon ƙasa, ya sa shi tuhumar hukumar ƙasar, ba tare da ya sauya masa hali ba. An ga kuma cewa faɗace-faɗacensa suna yi wa jigo hidima, kuma ya bar jerin finafinan a wani hali dabam da yadda ya same shi. A ɗaya ɓangaren, an nuna cewa ya ja da baya a daidai inda ya kamata ya matsa, ta hanyar rataya laifin a wuyan Hydra. Idan aka auna duka biyun, za a iya cewa nagartarsa ta rinjayi rauninsa, domin tambayar da ya tayar a gaban jiragen nan uku tana nan daram ko da an cire Hydra daga labarin. Babi na gaba zai duba yadda Captain America: Civil War ya ɗauki wannan tambaya ya juya ta a kan jaruman kansu.